Tsaga a Wuyan Sufaf

Mu maƙera ne tun kakanni, a wani ƙauye kusa da Bana. Ni da yayana muka gaji maƙerar mahaifinmu. Shi ke riƙe awartaki yana juya ƙarfe, ni kuma zuga da duka. Ya girme ni da shekara goma ko fiye. A lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, shi yana da biyar. Abin da muka iya shi ne hauya da galma da lauje da gatari, sai ƙugiya da mashi in sarkawa sun hauro daga bakin ruwa. Da damina ta faɗi mukan rufe maƙera mu tafi gona kamar kowa.

Waɗanda suka ga shigowar anasara ƙasarmu da idonsu duk suna da ƙarfinsu a lokacin. Ƙarshen wata bazara, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ga gardi, wato dogarin anasara, a kan doki da saƙo zuwa ga maigari: ana son maƙera biyu a Gaya. Maigari ya ce mana aikin kwana goma ne. Yaya ya ce to, ai za mu dawo kafin shuka. Muka ɗaure uwar maƙera da zuga-zugai da masaba a kan jaki, muka bi gardin.

A mashigin gulbi na Gaya akwai wani faffaɗan jirgi mai kama da dakali, wanda ake ɗora wa kamiyo, wato babbar motar kaya, da mutane da kaya a tsallaka da su Malanbil. Da can maza ne ke tura shi da gora. Daga baya aka kawo wani ƙaramin jirgi mai inji yana jan sa. Injin ne ya lalace. Wani anasara ne ke kula da mashigin da aikin hanya, kuma a ƙarƙashinsa akwai mai gyaran inji, wani mutumin bakin teku daga Dahome, gajere, Kirista, kullum cikin gajeren wando. Makanise kowa ke ce masa. Yana jin Dandanci, yaren mutanen bakin gulbin, sosai, Hausarsa kuwa sai mun haɗa da nuni.

Ya kai mu wata rumfar kaba a bakin gulbi, ya fito da wani ƙarfe daga aljihu ya ajiye a tafin hannun yaya. Kamar ƙusa yake, tsawon ɗani, amma kansa mai faɗi ne kamar faifan yara. Gefe ɗaya na kan ya cinye kamar ɓera ya gwaguye shi.

"Sunansa sufaf," in ji makanise. "Ƙofa ce. Inji yana numfashi kamar mutum. Ƙofa ɗaya tana shigar da iska, ɗaya tana fitar da hayaƙi. Wannan ta hayaƙi ce. Tana buɗewa tana rufewa fiye da ƙiftawar ido, kuma cikin wuta take yini."

"Ba a sayar da shi?" yaya ya tambaya.

"An aika Faransa. Zai zo ta teku, ya hau jirgin ƙasa, ya hau kamiyo. Ko bana ko baɗi."

Yaya ya juya ƙarfen, ya kai shi kunne ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce zai ƙera.

Kwana uku muka yi a kan na farko. Da ƙarfen gatari muka yi shi. Yaya ya ƙera sandar daban, faifan daban, ya haɗe su a wuta, sannan ya zauna da magagari yana shafa har ya yi sumul. Makanise ya koya mana yadda ake zaunar da shi a gurbinsa cikin kan injin, wato kulas: a tankaɗe yashin gulbi da ƙyalle, a cuɗa da man kaɗe, a shafa a gefen faifan, a riƙa murza sandar a tsakanin tafin hannu kamar mace na burga miya. Bayan yini guda ana murza, ya kifa kulas ɗin ya zuba isansi, wato man fetur, a kan sufaf yana rufe, muka durƙusa muna duba ƙasa. Ko ɗigo bai sauko ba. Ranar na ga yaya ya yi murmushi, har ya ce wa makanise ashe aikin anasara ma ƙira ce.

Washegari aka sa shi a jirgi. Mun tsaya a gaɓa muna kallo. Jirgin ya kai tsakiyar ruwa da kamiyo guda da mata masu ɗauke da doya da manja, da anasaran kansa a zaune kan kujera. Sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu, injin ya yi shiru. Ruwa ya ja su ƙasa. Muna jin kururuwar matan har suka sha kwana suka ɓace mana. Allah ya kiyaye, wani tsibiri ya tare su, sarkawa suka kwaso mutanen da kwale-kwale. Wata mata ta faɗa ruwa da goyo a bayanta, aka ciro su da rai. Na gan ta da aka fito da ita gaɓa tana aman ruwa, ba ta ko iya kuka ba.

Faifan ne ya rabu da sandar a daidai inda aka haɗa su. Anasaran bai bi ta kanmu ba. Sai ya mari makanise a gaban mutane. Sannan ya ba da umurni cewa ba wani ƙarfe da zai ƙara shiga injin nan sai ya yi kwana goma yana aiki a tudu bai karye ba, kuma maƙeran ba inda za su sai an samu.

Abin gwajin makanise ne ya tsara shi, mu muka ƙera. Akwai wani tsohon kulas da aka yar a bayan rumfa, muka ɗaure shi a kan kututturen giginya biyu da muka binne. Aka kawo wata babbar ƙafar ƙarfe ta mataccen injin gurzar auduga, muka yi mata mariƙi biyu. A kan sandar da ke tsakiyarta yaya ya ƙera wani ƙarfe mai doro. Duk zagaye ɗaya doron ya danna sufaf ya buɗe, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle ya mayar da shi ya bugi gurbinsa. A ƙarƙashin kulas ɗin muka gina murhu na laka, aka cika da gawayin ƙirya. Aikina shi ne in riƙe wutar da zuga yadda kan sufaf zai tsaya ja-ja kamar hantar rago, kada ya yi baƙi, kada kuma ya yi haske. Aka kawo maza huɗu daga cikin 'yan aikin tilas na hanya don juya ƙafar, biyu su yi, biyu su huta. Babbansu wani dattijo ne daga wajen Zabori, mai furfura a gemu. Su ma an ce musu in an gama za a sallame su.

Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ake juyi, sai tsayawar salla. Ƙarar ba ta da yawa, tak-tak-tak ce kawai, amma ba ta yankewa. Bayan kwana kaɗan ko an tsaya kana jin ta a cikin kai. Hayaƙin gawayi ba ya fita daga rumfar saboda an kewaye ta da zana don iska kada ta taɓa wuta. Yaya ne ya fi shaƙarsa, don kullum fuskarsa na bakin murhu yana duba launin ƙarfe.

Kowace la'asar sakaliya mukan tsaya, a ciro sufaf a bar shi ya huce. Makanise yana da gwaji huɗu. Ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa, ya saurari amonsa. Ya auna tsawonsa da wani guntun tagulla da ya yi wa alama, ya ga ko ya miƙe. Ya mayar da shi gurbi ya zuba isansi. Na ƙarshe shi ne wanda na fi tsoro: a jiƙa shi cikin man inji mai ɗumi, a goge shi tas, a shafe shi da farar ƙasa, a ajiye. In akwai tsaga, ko ta kai siririn gashi, man da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana ta a kan farin.

Na biyu ya lanƙwashe tun ran farko. Na uku mun yi shi da wata ƙatuwar ƙusar hanyar jirgin ƙasa da makanise ya samo a tsallake, ya yi kwana huɗu, faifan ya lotsa, isansi ya zube kamar ta rariya. Na huɗu yaya ya tsoma shi a ruwa yana da zafi don ya yi tauri, sai ya fashe ana cikin juyi, ɓallin ya tsaga kuncin ɗaya daga cikin masu juyawa. Daga nan ya koma binne su a toka su huce a hankali. Na biyar bai wuce kwana uku ba.

A kan na uku muke ruwan shuka ya sauka. Na tuna yadda dukanmu muka ɗaga kai muna jin ƙamshin ƙasa, ƙafar tana ta juyawa. Bayan 'yan kwanaki wani mai kawo gawayi daga wajenmu ya ce matanmu sun yi shuka da taimakon maƙwabta. Shuka mai sauƙi ce. Noma ne ba mai yi maka, don a lokacin kowa gonarsa ta ishe shi.

Na shida mun yi shi da sandar ƙafar wani kamiyo da ya mutu a hanyar Dosso. Ƙarfen kirki ne, tun daga dukan farko muka ji bambancinsa a hannu. Ya yi kwana biyar, ya yi bakwai. Masu juyi suka fara waƙa, abin da ba su taɓa yi ba. Dattijon Zabori ya ce in ya isa gida ko hutawa ba zai yi ba, gona zai wuce.

Ran kwana na tara zazzaɓi ya kayar da makanise. Ya kwanta a gindin wata tsamiya ya lulluɓa da buhu, ya ce mu yi gwajin da kanmu tun da mun iya. Amo ya yi daidai. Tsawo bai ƙaru ba. Isansi bai ɗiga ba. Yaya ya shafa farar ƙasa ya ajiye a kan uwar maƙera, muka zauna mu biyu muna jira. Masu juyi sun tafi gulbi wanka.

A ƙarƙashin faifan, inda ya haɗu da sandar, wani layi ya fito a hankali. Bai kai rabin zagayen wuyan ba. Yaya ya ɗauka, ya sa babban yatsa ya goge.

"Yaya, akwai tsaga," na ce.

"Na gani."

Ya ci gaba da goge farar ƙasar da gefen rigarsa.

"Gobe kwana goma," ya ce. "Zai kai gobe."

"Zai kai gobe. A ruwa fa?"

"Yana iya yin wata biyu. Kafin nan nasu ya iso daga Faransa."

"Yana kuma iya yin kwana biyu."

Ya dube ni. Idonsa ya yi ja saboda hayaƙi. "Ka ji abin da mai gawayi ya ce jiya. Ciyawa ta fi hatsi tsawo. In muka isa jibi za mu ceci rabi. In muka ƙara kwana ashirin babu abin da za mu tarar. Bakuna goma sha biyu ne a gidan nan, har da Inna."

Tun ina yaro ban taɓa mayar masa da magana sau uku a jere ba. Ya mayar da sufaf cikin kulas ya ɗaure.

Da safe, kafin a hura wuta, na kwance shi na kai wa makanise gindin tsamiya. Har yau ban iya faɗin dalili ɗaya tak ba. Matar nan mai goyo tana cikin raina. Akwai kuma tsoro, don na san in ya karye a ruwa za a zo har gida a ɗauke mu, kuma ba mari kaɗai za a yi ba. Ban sani ba wanne ya fi ƙarfi a cikin biyun. Nakan so in ce na farkon ne.

Makanise ya tashi zaune yana rawar sanyi. Ya sa aka kawo mai da farar ƙasa, ya yi gwajin da kansa. Da layin ya fito ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce mini da Dandanci, wanda nake ɗan ji, a hankali, "Me ya sa ka nuna mini?" Bai jira amsa ba. Ya miƙe ya tafi rumfa, ya ɗora sufaf a gefen uwar maƙera, ya buga masa masaba sau ɗaya. Faifan ya faɗi ƙasa. Cikin karayar rabi baƙi ne, tsagar ta ci fiye da yadda ta nuna a waje.

Masu juyi duk suna tsaye. Dattijon Zabori ya dube ni, ya tofar da yawu a gefe, ya je ya zauna ya kama kansa. Daga ranar ba wanda ya ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni. Tuwon dawa ake kawo mana daga bariki sau biyu a yini, sai su gutsura mini nawa a kan ganye su ajiye nesa. Yaya bai zage ni ba. Ya ɗauki karyayyen faifan ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya ce, "Hura wuta." Maganar aiki kaɗai ta rage tsakaninmu.

A kan karayar nan ya gano inda kuskurenmu yake. Ya daina haɗa ƙarfe biyu. Sai ya ɗauki sanda guda mai kauri, ya riƙa zafafa kanta yana dukanta a tsaye har ta dunƙule ta baje ta zama faifai, sannan ya janye sauran ya zama siriri. Wuyan kuma ya bar shi da kauri yana gangarowa a hankali kamar wuyan gora, babu kusurwa. Aikin ya ci kwana shida, kuma a cikinsu ne tari ya kama shi. Na bakwai ya karkace wajen hucewa, bai ko hau abin gwaji ba. Na takwas ya hau. Da anasaran ya ji labarin na shida sai ya ce kwana goma bai isa ba, a yi sha biyar.

Ya yi sha biyar ɗin. Ran ƙarshe makanise ya shafa farar ƙasa, muka jira har ta bushe, ta tsaya fara fat. Ba wanda ya yi murna. Aka sa shi a jirgi, jirgi ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Anasaran ya aiko wa yaya da wata tsohuwar rigar soja mai maɓallan ƙarfe. Aka sallami masu juyi, aka sallami yaya. Ni kuwa aka riƙe ni, wai in ci gaba da ƙera wasu na ajiya, tun da na nuna ina da ido.

Sai bayan kaka aka ba ni kwana biyu na je gida. Na bi ta gonarmu kafin in shiga gari. Ba a ma sare karan ba, don babu abin sarewa. Ciyawa ce da ƙuduji, da 'yan zangarniyoyi kamar yatsa. Rumbunanmu biyu, ɗaya ba a ko buɗe shi ba, ɗayan bai kai gwiwa ba. Maƙwabta sun samu daidai gwargwado a shekarar, ruwa bai yi ƙaranci ba. Mu kaɗai ne da wasu irinmu da aikin anasara ya riƙe.

Tun kafin sanyi ya wuce hatsin ya ƙare. Matan suka koma tonon muruci da tafasa ganye. Matar yaya ta kwashi ƙanana uku ta tafi gidan iyayenta, kuma har ta tafi ba ta amsa gaisuwata ba. A Gaya ana ba ni mudun dawa na abinci, sai in ci kaɗan in tara sauran in aika gida ta hannun mai gawayi. Yaya ya karɓa saboda yara da Inna. An ce mini shi kansa ba ya ci daga ciki sai Inna ta yi masa faɗa. Tarin bai sake shi ba. Ya bar maƙera, don ko zuga ɗaya aka yi numfashinsa sai ya sarƙe.

A tsakiyar rani akwatin Faransa ya iso. Makanise ya ciro namu daga injin bisa umurni, ya gwada shi da farar ƙasa don son ransa, ya nuna mini. Lafiyarsa ƙalau.

Da bazara ta kewayo aka aiko cewa jikin yaya ya yi tsanani. Na roƙa aka ba ni kwana uku. Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da bango don ba ya iya kwanciya. Ya rame har na ga ƙasusuwan hannun da a da nake tsoron marinsa. Na gaishe shi, na zauna. Na faɗa masa cewa sufaf ɗinsa ya yi wata da watanni a ruwa ba tsaga. Ya gyaɗa kai, na ga abin ya yi masa daɗi.

"Yaya, ka yafe mini," na ce.

Ya daɗe yana neman numfashi.

"Tsagar ba kai ka sa ta ba," ya ce. "Ni na ƙera." Ya yi tari, na miƙa masa ruwa. "Na yafe. Amma da ni ne ƙanen, da na yi shiru."

Ba mu sake komawa kan maganar ba. Ya tambaye ni wane gawayi muke amfani da shi yanzu, na ce har yanzu ƙirya. Ya ce in riƙa buɗe zanar rumfar ta gefen gulbi. Ya ce in kula da Inna. Washegari da hantsi ya cika. Muka yi masa sutura kafin azahar, muka kai shi kusa da mahaifinmu.

Ran kwana na uku na kama hanyar Gaya da ƙafa, don gardi ya riga ya gargaɗe ni kada in ƙara ko yini. A hanya na wuce mutane suna sassabe suna ƙona kara. Na isa da la'asar. Makanise ya cire hularsa ya yi mini ta'aziyya da Hausarsa mai tangarɗa, ya tsaya kaɗan kamar zai ƙara wani abu. Sannan ya ce an kawo kamiyo biyu daga Dosso, dukansu sufaf ɗinsu sun ƙone, kuma na akwatin ba su shiga gurbinsu. An riga an kawo sababbin maza huɗu daga aikin hanya. Suna zaune a bakin rumfa suna jira in nuna musu yadda ake juyi.